Modem na ciki ko na waje: wanne ya dace da kwamfutarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, yau kan modem za mu tsaya, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet, domin kullum ana tambaya: na ciki zan sa ko na waje?

A zamanin wayar tebur ta NITEL ma haka ake wannan gardama. Na ciki kati ne da ake sokawa a ramin PCI, na waje kuwa akwati ne mai fitilu da ake jonawa ta kafar siriyal. Duk gudunsu bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Amma idan tsawa ta biyo igiyar waya da damina, na waje yakan ƙone shi kaɗai, na ciki kuwa yana iya jan uwar allon kwamfuta su tafi tare. Wannan zamani ya wuce, yanzu da sim muke aiki.

Modem na ciki a yau ɗan kati ne da bai kai kwalin ashana ba, ana sa shi a ramin da ke cikin kwamfutar, mai suna M.2 ko Mini PCIe. Za ku fi samunsa a kwamfutocin ofis, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook. Daɗinsa ba ka ɗaukar wani kaya, ba abin da zai karye a jaka, kuma eriyarsa tana cikin murfin allo, ta fi ta ɗan modem ɗin USB girma.

Sai dai kafin ka biya kuɗin kati a kasuwa, a kwance bayan kwamfutar a duba. Akwai ramin sim? Wasu a ƙarƙashin batir yake. Akwai siraran wayoyin eriya guda 2 da ke jiran katin? Idan masana'anta ba ta sa su ba, sai an kwance allo an bi da su ta maƙalar murfi, aikin da ba kowane mai gyara ke yinsa da tsabta ba. Kan wayar ɗan mitsitsi ne, da yatsa ake danna shi a hankali, wanda ya sa ƙarfi zai fasa mazauninsa. Sannan wasu tsofaffin kwamfutocin Lenovo da HP ba sa karɓar kowane kati, sai wanda ke cikin jerin da aka rubuta musu a BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta. Ka sa baƙo, kwamfutar ta ƙi tashi.

Inda aka fi yin asara shi ne zangon sadarwa, wanda masu gyara ke kira band. Ku riƙe wannan da kyau. Kamfanoninmu na 4G suna aiki ne a kan band 3 da 7 da 20 da 28 da 40. Yawancin kwamfutocinmu kuwa 'yan kwatano ne, da yawa daga Amurka, inda ake amfani da 2 da 4 da 13 da makamantansu. Sai mutum ya sa sim, ya ga sabis ya ƙi hawa 4G, ya yi ta zargin kamfani, alhali katin ne ba ya jin yaren turken da ke unguwarsu. Lambar katin tana rubuce a jikinsa, a bincika ta a ga band ɗin da yake ɗauka tun kafin a yi ciniki.

Na waje iri uku ne: na USB, da MiFi, ɗan akwatin aljihu mai batir da ke raba intanet ta Wi-Fi, da rauta ta gida, wadda ita ma haka take rabawa amma a wuta ake jona ta. Babban amfaninsa, kai ke kai shi inda sabis yake. Gida mai rufin kwano da katanga mai kauri a Rigasa ko Tudun Wada, tsakiyar ɗaki sabis sanda ɗaya, bakin taga sanda huɗu. Igiyar ƙari ta USB ta isa, amma kada ta wuce mita 5. Fitilarsa kuma tana gaya maka halin da ake ciki, idan ya rikice ka zare ka mayar, ba sai ka kashe kwamfuta ba.

Shi ma yana da nasa matsalolin. Kafar USB 2.0 wutar miliamfiya 500 take bayarwa, idan sabis ya yi rauni modem yakan ja wuta sosai, ya yi zafi, ya dinga yankewa, musamman a zafin Maris da Afrilu. A mayar da shi kafar USB 3.0, galibi mai launin shuɗi, wadda ke ba da 900. MiFi kuma da aka bari a caji dare da rana batirinsa kan kumbura, da zarar murfin ya fara ɗagawa a daina amfani da shi. A kuma tambaya ko modem ɗin a kulle yake da layi ɗaya.

A ganina, mai kwamfutar tebur, da mai shagon buga takardu, da gidan da mutum biyar ke raba data, su sayi rauta, su haɗa mata ƙaramin batir saboda ɗaukewar wuta. Na ciki na wanda kullum yake hanyar Zariya ko Abuja ne, shi ma idan kwamfutarsa ta zo da eriya da ramin sim. Mai tambaya ya ɗaga hannu.