Na Sabunta Shafina, Google Ya Manta da Ni

[Hoto: allon waya, ana rubuta "tamr ajwa", wato dabinon ajwa, da Larabci a Google]

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin nan ƙorafi ɗaya ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwarmu na Makka da Madina da Jidda. Alhaji ya kashe riyaloli an sake masa shafin da yake tallar dabino, ya yi kyau, yana buɗewa kamar ƙiftawar ido, amma da ya neme shi a Google sai ya tarar babu shi babu alamarsa. Wasu suka ce Google ne ya hukunta shi. Wata Hajiya ma ta rantse hannun maƙiya ne. Hajiya, Allah ya tsare mu da maƙiya, amma wannan karon matsalar tana cikin adireshi.

Google bai san shagonka da sunanka ba, bai kuma san shi da launin da aka shafa masa ba. Kowane shafi da adireshinsa yake gane shi. Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin, ɗaya daga cikin manyan ma'aunansa shi ne shafuka nawa na waje ke nuno naka, kuma su wane ne. Duk wanda ya sa mahaɗin shafinka a nasa, tamkar ya yi maka shaida ne. Shaidar nan kuwa a kan adireshin take zaune.

[Hoto: tsohon adireshi a sama, sabo a ƙasa, an ja layi ƙarƙashin inda suka bambanta]

Ku duba nan da kyau. Sunan gidan, wato farkon adireshin, bai canza ba, shi ya sa Alhaji bai lura ba. Wutsiyar adireshin ce ta canza da aka sake shafin. A wurin Google waɗannan shafuka biyu ne daban, tsohon ya mutu, sabon kuma jariri ne da ba wanda ya taɓa yi wa shaida.

Duk wanda ya zauna Jidda a 2022, lokacin rusau na unguwanni irin su Sabil da Karantina, ya ga irin wannan da idonsa. Mai shago ya koma wani wuri, ƙila ma ya fi na da kyau, amma abokin cinikinsa da ya zo daga Kano ya je inda ya sani ya tarar da fili. In babu mai ce masa "ai ya koma wuri kaza", gaba zai yi ya saya a wajen wani. A intanet filin nan shi ne lamba 404, wato ba a sami shafin ba. Mai nuna hanyar kuma shi ne turawa ta 301, wadda ke shaida wa Google cewa shafin ya tashi ke nan, ga inda ya koma, a kai masa shaidunsa can.

To ga inda kusan kowa ke kuskure. Mai haɗa shafin zai ce maka ya yi turawar, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai tsofaffin adireshi ɗari biyu duk ya kwashe su ya tura shafin farko na gidan. Wanda ya zo neman ajwa sai ya faɗa a ƙofar gida ana masa barka da zuwa. Google ya bayyana cewa yana iya ɗaukar irin wannan tamkar shafin ya ɓata ne. Abin da ake so shi ne ɗaya bayan ɗaya: tsohon shafin ajwa ya tafi sabon shafin ajwa, na dabinon sukkari ya tafi na sukkari, na kuɗin aike ya tafi na kuɗin aike. Aiki ne mai cin rai, kuma ni a ganina duk wanda ya karɓi kuɗin sabunta shafi bai fara rubuta wannan jerin ba, bai gama aikinsa ba. Kada kuma a sa 302, ita ta ƙaurar wucin gadi ce. Sannan Google na ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara ɗaya.

[Hoto: allon WordPress, sannan Google Search Console]

Sauran da sauri. A WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, akwai ɗan akwatin da ke hana injunan bincike lissafa shafi, ana cika shi lokacin gini, a manta a cire. Duba shi yau. In an datse dogon bayanin da ke tsohon shafi don hotuna su sami wuri, a mayar da shi. Ka gwada komai a waya, domin sigar waya Google ke dubawa. Ka miƙa sabuwar taswirar shafi, wato jerin adireshin shafukanka, a Search Console, inda Google ke nuna maka yadda yake ganin shafinka, ka ba shi makonni.

Ko an gyara duk wannan, "tamr ajwa" kalma ce ta manya. Manyan kasuwannin intanet irin su Amazon da noon na wurin, ga manyan kamfanonin dabino masu shekaru suna tara shaidu. Abin da ke damuna shi ne muna barin wurin da muka fi kowa ƙarfi. Mai neman a aika masa katan ɗin ajwa daga Madina zuwa Kano kafin azumi, da Hausa yake tambaya, yana so ya san nauyi da kuɗin kaya da kwana nawa zai ɗauka. Rubuta masa wannan shafin da Hausa, da farashinka na gaskiya.

Yanzu buɗe Search Console ɗinka, shiga sashen shafuka, ka nemi jerin 404. Na farkon da ka gani, da shi za mu fara a allon nan.