Kalmar Compensation: Yau Diyya, Gobe Albashi

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai, 'yan jarida da masu aikin tafinta da ke cikin zauren nan, barkanmu da warhaka. Kalmar Turanci ɗaya tak za mu tattauna a kai, wato compensation. Duk wanda aka tambaya a nan zai ce diyya ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya kama reshe ɗaya ne ya bar sauran bishiyar.

Mu fara da tushe. Daga Latin ta fito, daga wani aikatau mai ma'anar a auna abu biyu tare. Ku tuna da sikeli irin na da, mai faranti biyu: an ɗora kaya a ɗaya ya rinjaya, sai a ɗora wani abu a ɗaya farantin har su daidaita. Abin da aka ɗora na biyun shi ne compensation. Af, kalmar fansho da muka ara ma daga wannan saiwar take, domin a da auna azurfa ake yi a biya mutum. To idan kun haɗu da kalmar, tambayar farko ita ce: me ke kan farantin farko? Asara ce, ko aiki, ko wata gazawa?

Idan asara ce ko rauni, nan ne diyya ta dace. Amma ku lura, diyya a fiƙihu tana da adadi sananne: diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Kalmar Turancin ba ta ɗauke da wani adadi, kuma ba sai an zubar da jini ba. Kotu ce ko doka ko yarjejeniya ke yanke ta.

Ga misali daga Najeriya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mallakar fili saboda amfanin jama'a, a sashe na 28. Sashe na 29 ya yi maganar compensation. Manomi ya ji a rediyo za a biya diyyar filaye, sai ya fara lissafin nawa ake sayar da fuloti a unguwarsu. Ranar biya sai ya ga an ƙirga masa ɗakuna biyu, rijiya, mangwaro huɗu da dawar da ke tsaye, shi ke nan. Dalili kuwa, abin da dokar ke biya shi ne abin da mutum ya raya a kan ƙasar: gini, kayan da aka kafa, da amfanin gona. Ita ƙasar kanta, kuɗin hayar da ya biya wa gwamnati a shekarar da aka ƙwace kawai ake mayar masa. Saboda haka mai fassara da ya ce "diyyar fili" ya riga ya shuka rigima. Ya ce "diyyar gini da shuke-shuke" ya fi kusa da gaskiya.

Haka dokar 2010 ta biyan diyyar ma'aikata, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, NSITF, ke kula da asusunta. Mai kamfani ne ke zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga aljihun ma'aikaci. Wanda inji ya datse wa yatsa sai ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar nema cikin shekara ɗaya. Wasu masu rasa haƙƙinsu a nan suke faɗuwa, su tsaya jinya a gida har wa'adi ya wuce.

Yanzu mu tsallaka Amurka, inda kalmar ta sauya riga. Can idan kamfani ya rubuto maka takardar ɗaukar aiki ka ga compensation package, ba wanda ya ji rauni. Albashinka ne da duk abin da ke biye da shi: alawus, kyautar ƙarshen shekara, inshorar lafiya, wani lokaci har da hannun jari. Farantin farko a nan gumin mutum ne. Turawan Ingila sun fi son su ce pay ko remuneration, kuma idan Bature ɗan Ingila ya ji compensation, hankalinsa kan tafi ga haɗari ko kotu. Shi ya sa labari kan executive compensation a wani banki a Amurka ba "diyyar shugabanni" ba ne, albashi da alawus ɗin manyan jami'ai ne. Wannan kuskuren yana fitowa a labaran da ake fassarawa cikin gaggawa, kuma mai sauraro sai ya ɗauka gobara aka yi. Wani tarko kuma ga mai neman aiki: adadin da aka kira total compensation ba shi ne zai shigo asusunka ba. Ka tambayi nawa ne tsurar albashi a ciki.

Akwai 'yan uwanta da ake cakuɗawa. Refund mayar maka da kuɗinka ne da ka biya. Reimbursement mayar maka da abin da ka kashe daga aljihunka a kan aikin wani, shi ya sa ake neman rasit. Reward tukuici ne. Damages kuwa abin da alƙali ya yanke ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta raba biyu daga ciki sarai: idan aka soke jirginka da zai tashi daga Faransa, mayar da kuɗin tikiti daban, compensation daban, wadda ke kamawa daga Yuro 250 zuwa 400 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya. Wanda bai san bambancin ba sai ya karɓi na farko ya yi godiya ya tafi.

Sai nahawu, a taƙaice. Abin da aka rasa yana zuwa bayan for, abin da aka bayar yana zuwa bayan with. They compensated him for the farm, an biya shi saboda gonar da ya rasa. They compensated him with a farm, gona aka ba shi. Ƙaramar kalma ɗaya ta raba mai gona da marar gona. Wannan na biyun shi 'yan siyasarmu suka fi so: wane ya faɗi zaɓen fid da gwani, sai jarida ta ce an yi compensating ɗinsa da kujerar kwamishina. Hausar wannan ba diyya ba ce, share hawaye ne. Kuma idan maganar kuɗi ake, kalmar ba ta ɗaukar jam'i. In kun ga compensations da s, ana nufin 'yan abubuwan daɗi da ke rage zafin wani hali, kamar a ce zaman ƙauye da wuya amma ga iska ga arahar abinci.

Wani lokaci ma babu ko sisi a ciki. Makaho da jinsa ya ƙara kaifi, Turawa za su ce jin ya yi compensate for rashin gani, wato ya cike gurbi. Likitan ƙwaƙwalwa Alfred Adler ya yi amfani da ita ga mutumin da ke jin ƙasƙanci a wani fanni sai ya dage a wani.

Wani ya miƙo takarda yana tambaya a kan ex gratia. Wannan kuɗi ne da ake bayarwa ba tare da an amsa laifi ba, kamar a ce ga wannan a rage zafi. Kafin a sa hannu a takardarsa, a duba ko akwai jimlar full and final settlement. Idan tana nan, ma'anarta ka yarda magana ta ƙare, kuma da wuya kotu ta sake sauraronka a kan wannan asarar. A nemi lauya ya karanta tukuna. Sai tambaya ta gaba.