'Yan Sa-kai na Ayilan: Wa Ke Riƙe da Akalar Rundunar?

Masu kallo, ranar 25 ga Nuwamba 1913 jama'a suka cika zauren Rotunda da ke Dublin har ya batse, dubbai suka ba da sunayensu a wata sabuwar runduna, Irish Volunteers, wato 'yan sa-kai na Ayilan. A lokacin Ayilan tana ƙarƙashin Birtaniya, majalisar Landan kuma tana kan dokar ba ta mulkin cikin gida. Kiristoci Furotesta na arewa, yankin Ulster, suka ce atafau ba su yarda ba, har suka kafa tasu rundunar a farkon shekarar. Masu kishin ƙasa suka ce to, su ma ba za su zauna hannu rabbana ba. Shugabansu Eoin MacNeill malamin tarihi ne a jami'a, ba soja ba.

Makamai kuwa sai a hankali. Mutanen Ulster sun shigo da bindigogi kusan 25,000 ta tashar jiragen ruwa ta Larne a Afrilun 1914. 'Yan sa-kai a Yuli suka samu tsofaffin bindigogin Jamus 900 ta tashar Howth.

To yaya aka tsara muƙamai? Tushen rundunar shi ne kamfani, yawanci mutanen unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya. Kyaftin ne ke riƙe da shi, da laftana biyu a ƙarƙashinsa, kowa da rabin kamfanin, sannan shugabannin ƙananan sassa. Kamfanoni suka haɗu, sun zama bataliya, mai kwamanda da mataimakinsa, da jami'in takardu da umarni, da mai kula da kaya da makamai. Bataliyoyi kuma su ne birged. Abin da ya bambanta su da sojan gwamnati: mayaƙan da kansu ke zaɓen hafsoshinsu. Wannan ya sa ana biyayya da son rai, amma sau da yawa farin jini ne ke ba mutum muƙami, ba sanin yaƙi ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba gidan. A Satumbar 1914 ɗan siyasa John Redmond ya ce su je su taya Birtaniya yaƙi. Mafi yawa, fiye da 150,000, suka bi shi. 'Yan tsirarun da suka ƙi, dubu goma da 'yan kai, su suka riƙe sunan.

Nan ne labarin ya ɗauki zafi. A takarda MacNeill ne babban hafsa. Amma Patrick Pearse mai kula da tsari, da Joseph Plunkett mai kula da ayyukan yaƙi, da Thomas MacDonagh mai horaswa, suna cikin ƙungiyar asiri ta IRB (Irish Republican Brotherhood, mai neman kafa jamhuriyar Ayilan), suna shirya tawaye ba da saninsa ba. Da ya gano, kuma ya ji an kama jirgin ruwan da ya ɗauko musu makamai daga Jamus, sai ya buga sanarwa a jarida ranar Lahadin Ista ta 1916 cewa an soke duk wani atisaye. Mayaƙa suka rasa na bi: umarnin babban hafsa ko na kwamandansu?

Washegari, Litinin 24 ga Afrilu, aka fito duk da haka, amma mutum dubu da 'yan ɗari kawai, kusan duka a Dublin. Bataliya ta ɗaya tana hannun Ned Daly, ta biyu MacDonagh, ta uku Éamon de Valera, ta huɗu Éamonn Ceannt. Cikin mako guda suka miƙa wuya. A cikin huɗun nan de Valera kaɗai ya tsira, Birtaniya ta harbe sauran bayan ta yanke musu hukuncin kisa.

A Oktoban 1917 aka sake ɗinke rundunar, de Valera ya zama shugaba, Michael Collins ya karɓi aikin tsari. Richard Mulcahy ya zama babban hafsa a 1918, daga 1919 kuma aka fi kiranta IRA, wato Sojan Jamhuriyar Ayilan. Sojan Ayilan na yau ma yana amfani da sunanta na yarensu, Óglaigh na hÉireann.