Kwana Sittin da Shukar Binne

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwana. Yanzun nan na tashi daga aikin dare. Takwas saura kwata, amma ku dubi sama, gari bai gama wayewa ba. Haka Disamba take a Leeds, nan Ingila: rana ba ta leƙowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Hucin nan da kuke gani yana fita daga bakina sanyi ne. Bari in raɓe a rumfar jiran bas mu yi magana.

Wata ƙanwa ta aiko mini da saƙo, ta ce, “Anti, na yi addu'a, na yi azumi, har yanzu shiru.” Ƙanwata, dominki na kunna kyamara yau.

Na shigo ƙasar nan a 2024 da bizar aikin kula da tsofaffi. Tun watan Maris na shekarar aka hana masu irin aikinmu zuwa da iyali, saboda haka na baro 'ya'yana biyu wurin babansu da kakarsu. Ban cika shekara ba aka ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauke ni. Sai ga takarda: kwana sittin, ko ki sami wani mai ɗaukar nauyinki, ko ki tattara. Na manna ta a ƙofar firiji. Kullum da safe in ja layi ɗaya da biro a bayanta, har layukan suka fara ba ni tsoro na daina ƙirgawa da baki.

Kowa na kira sai ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma a lokacin kunnena bai ɗauki karin magana ba. Abin da ya shige ni Zabura 13 ce, inda Dawuda ya tambayi Ubangiji “har yaushe” sau huɗu a ayoyi biyu. Sau huɗu fa! Kuma Allah bai share wannan kukan daga Littafinsa ba. Ranar na gane cewa mai haƙuri ma yana kuka, sai dai ya san gaban wanda yake kaiwa.

Sai labarin Yusufu. Tun muna makarantar Lahadi mun san shekarunsa 17 lokacin da labarin ya fara, 30 kuma lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna. Amma wurin da ya riƙe ni shi ne ƙarshen Farawa sura 40. Yusufu ya fassara wa mai shayarwar sarki mafarkinsa, ya roƙe shi ya tuna da shi in ya fita. Mutumin ya koma fada ya manta. Shekara biyu cur. Ku auna yadda Yusufu yake jin ƙarar ƙofar kurkuku kowace safiya, yana cewa ko yau ne. Da an sake shi a makon farko, da ya fita a matsayin bawan da aka yi wa afuwa, wa ya san inda zai nufa? Sai da Fir'auna ya yi mafarkin da ba mai fassarawa, a ranar da ake bukatarsa, aka aiko a fito da shi da gaggawa. Yusufu bai ga wannan lissafin daga cikin kurkuku ba. Aikin da aka danƙa masa a can shi ya ci gaba da yi.

Wannan ya tuna mini da Baba, a ƙauyenmu can wajen Malumfashi. Kafin ruwan fari yakan yi binne. Ƙasa busasshiya ƙayau, rana kamar wuta, ya sara, mu bi bayansa da ƙoƙon gero muna zubawa muna takewa da diddige. Wata shekara yayyafi ya yaudare mu, shuka ta tsiro ta ƙone, ga zabbi sun tone saura. Na ce, “Baba, asara ke nan.” Ya ce, “Ruwa na Allah ne, iri kuwa naki ne. Ɗauko ƙoƙon.” Muka sake shukawa. Shi ya sa in na karanta Yakubu 5:7, inda ya ce mu dubi manomi yana jiran ruwan fari da na ƙarshe, Baba nake gani. Bai taɓa zama a gindin bishiya ya ce yana jiran Allah ba.

To ni ma binne na yi. Kullum in cika takardun neman aiki, in durƙusa, in tashi in tuƙa tuwon semo ko ba na jin ci. Matan cocinmu suka riƙe ni, wata Mama 'yar Gana har kuɗin haya ta cika mini ba tare da na roƙa ba. A kwana na 51 wani gidan tsofaffi ya kira ni. Daga can nake yanzu.

Amma kada ki ce labarina ya kai ƙarshe, ƙanwata. 'Ya'yana suna gida har yau. Haƙorin gaba na autata ya fita, a waya na gani. Wannan Kirsimeti ma Zumuntar Mata za su fito da anko ba ni a cikinsu. Ni ma cikin jira nake kamar ke, akwai daren da nake komawa Zabura 13 in karanta ta da hawaye har ayar ƙarshe, inda Dawuda ya ce zai raira waƙa.

Ga bas ɗina can ya karyo kwana. Yau Asabar, yara suna gida, a can tara ta kusa, na san suna riƙe da wayar babansu. Bari in shiga in kira su. Ubangiji ya riƙe ku.