Giyar Sukotland da aka ce babu barasa: mene ne a cikin gwangwanin?

[Hoto: wani kanti a Gilasgo, gwangwanaye jere a kan kanta]

Tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo kwanan nan: giyar da aka ce babu barasa, giya ce ko lemo? Yawancinta daga ɗalibanmu da ke karatu a Gilasgo da Edinbara da Abadin, sai kuma 'yan uwansu na gida da suka ga hoto hankalinsu ya tashi. Gwangwani ne, an rubuta masa da manyan haruffa cewa babu barasa a ciki, amma idan ka juya bayansa sai ka ga 0.5 da 'yan ƙananan haruffa, wato barasa kashi 0.5 cikin 100. Wani ya ce ai Maltina ce ta Turawa. Wani ya ce a'uzu billahi, giya ce tsagwaronta. Aka yi ta ja-in-ja har aka fara zage-zage, alhali duk rigimar a kan mataki ɗaya na haɗa giyar take, kuma shi za mu tsaya a kai.

Kafin nan, bari mu zaga ƙasar a gurguje.

[Hoto: taswira, sai tsofaffin gine-ginen dutse]

Nan Belhaven ne a garin Dunbar, tun 1719 ake dafa giya a wurin. Wannan katafaren kuma Wellpark ne na Tennent's a Gilasgo, wanda ya fara fitar da sananniyar giyarsa a 1885. Ga Traquair, wani tsohon gidan sarauta da mai gidan ya tarar da tsofaffin tukwane a ɗakin ajiya, ya farfaɗo da su a 1965. Ga Williams Bros a Alloa, masu zuba furen wata ciyawar tsaunuka a giyarsu mai suna Fraoch. Ga Harviestoun, masu tsima tasu a gangar wiski. Can tsibirin Orkney kuma akwai wata da suka raɗa wa suna Skull Splitter, wato mai fasa ƙoƙon kai. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

Idan kun ga allon mashaya an rubuta 60 ko 70 ko 80 da wata 'yar sanda a gefe, sule ake nufi. E, sulen nan da kakanninmu suka kashe zamanin Turawa. A ƙarni na 19 farashin babbar ganga ke nan, kuma wadda ta fi tsada ita ta fi ƙarfi. Sule ya mutu, sunan ya zauna.

To, mu shiga ɗakin girkin.

[Hoto: sha'ir a jiƙe, sai tsiro, sai babbar tukunyar ƙarfe]

Sha'ir ake jiƙawa har ya fara tsiro, a busar da shi, a ɓarza, a zuba cikin ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka. Tsiron nan shi ke mayar da garin hatsi ya zama sukari. Duk wadda ta taɓa sa tsiro a kunu don ya yi zaƙi ta san wannan sirrin. Sai a tace, a tafasa kamar awa guda tare da wani fure mai ɗaci da ake kira hop, a huce.

Ku tsayar da bidiyon nan ku kalli ruwan da ke cikin kofin. Launinsa ruwan ƙasa ne, mai zaƙi, mai ɗan danƙo. A wannan lokacin babu ko ɗigon barasa a cikinsa. Idan aka ɗauke shi daga nan, aka ƙara sukari da gas, aka rufe a kwalba, kun sami dangin lemon malt ɗin da ake rabawa a bikin aure a Kano da Zariya. Shi ya sa malt ɗinmu yake da zaƙi da nauyi a baki: sukarinsa na nan daram, babu abin da ya ci shi.

[Hoto: hannu yana zuba yis a cikin tanki, kumfa ta fara tasowa]

Ga matakin. Yis. Irin dai wanda ake sa wa ƙullin fanke da burodi, ɗan uwansa ne. Halitta ce mai rai, abincinta sukari. Tana ci tana fitar da abu biyu, iskar da ke tayar da kumfa da kuma barasa. Babu wanda ke zuwa da jarka ya zuba barasa a cikin giya. A cikin tankin ake haifarta, cikin 'yan kwanaki. Haka ma burukutu: dawa ce ta yi tsiro, aka dafa, aka bari ta tsima. Da kunu da burukutu hatsinsu ɗaya, tsimi ne ya raba su.

Saboda haka idan mai sana'ar yana son ya yi wadda ba ta bugarwa, hanya biyu ce a gabansa, kuma kowacce sai ta bi ta wurin yis ɗin nan.

Ta farko, ya hana yis ƙoshi. Ko dai ya rage sukarin tun daga tukunya, ko ya sanyaya tankin sosai har yis ya yi kasala, ko ya nemo wani nau'in yis da ba ya iya cin babban sukarin sha'ir. Yis ya ɗan lasa, ya bar ƙamshi, ya bar barasa 'yar kaɗan. Ƙananan masana'antu sun fi bin nan saboda ba ta buƙatar injin mai tsada.

Ta biyu, ya bar giya ta nuna sarai, ta zama giya mai bugarwa, sannan ya zare barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, don haka ita ke fara tashi. Amma zafi yana ɓata ɗanɗano, sai su zuƙe iskar da ke cikin tukunyar, barasar ta tashi da ɗumi kaɗan. Wasu kuma matatar ce da su mai ƙananan ƙofofi, a matsa giyar da ƙarfi, ruwa da barasa su wuce, a raba su, a mayar da ruwa.

[Hoto: bututu da agogunan awo. Babu wani abin kallo a nan, ku yi haƙuri, bututu dai bututu ne]

Kun ga ke nan abin da ya fito ta hanya ta biyu ya taɓa zama cikakkiyar giya. Wanda ya fito ta hanya ta farko kuwa bai taɓa ƙarfi ba, amma yis ya taɓa shi. Malt ɗinmu na gida bai bi ko ɗaya ba. Mai cewa duk ɗaya ne bai leƙa tankin ba.

Yanzu lambar. Ku ɗauko cokalin shayi.

[Hoto: cokali da sirinji a kan tebur]

Gwangwani mai mililita 330, idan an rubuta 0.5, barasar da ke ciki ba ta wuce mililita 1.65 ba, wato kusan sulusin cokalin nan. Idan giya ce ta yau da kullum mai kashi 4 cikin 100, ta haura mililita 13, cokali biyu da rabi har da ɗoriya. Wadda aka rubuta wa 0.0 kuwa, a al'adar sana'ar ana nufin ba ta kai 0.05 ba, ɗigo uku ko ƙasa da haka a duk gwangwanin.

To me ya sa mai 0.5 take amsa sunan marar barasa? Jagorar da gwamnati ta fitar a Ingila ta ce wannan suna na wadda ba ta wuce 0.05 ba ne, amma shawara ce, ba tilas ba. A ƙasashen Turai da dama kuma 0.5 ne iyakar. Sai kamfanoni da yawa suka bi na Turai. Ga misali a hannuna: Punk AF ta kamfanin BrewDog, haruffa biyun nan na ƙarshe suna cewa babu barasa, lambar kuma 0.5.

Su BrewDog ɗin nan 'yan tsokana ne tun asali. Abokai biyu, James Watt da Martin Dickie, suka kafa shi a 2007 a garin masunta na Fraserburgh. A 2009 aka yi musu ca saboda sun fitar da giya mai barasa kashi 18.2 cikin 100, sai suka mayar da martani da wata mai 1.1, suka sa mata Nanny State, habaici ga hukuma mai yi wa manya renon jarirai. Yau ita ce ta koma 0.5, kuma abin da aka fara da gatse ya zama kasuwa. Dokar tuƙi ma ta taimaka, domin tun Disambar 2014 Sukotland ta rage yawan barasar da aka yarda a samu a jinin direba daga miligiram 80 zuwa 50 a kowace mililita 100 ta jini, ƙasa da na Ingila.

[Hoto: gwangwanaye huɗu a jere, kyamara na matsowa kan lambobin]

Mai neman 0.0 a rubuce, akwai Tennent's Zero, akwai kuma Days ta wasu matasa a Edinbara. Jump Ship ƙaramar masana'anta ce da ba ta yin komai sai irin wannan, amma tata a rukunin 0.5 take. Tarkon da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne wannan kwalbar, Crabbie's. Hoton citta ne, sunan citta ne, kana gani ka ce lemon citta ne irin na azumi. Amma akwai wadda take da barasa, mai bugarwa. Ku juya kwalba ku karanta.

Batun halas da haram kuwa ba hurumina ba ne, na malamai ne. Amma idan za ku kai musu tambayar, ku kai ta cikakkiya: ga lambar, ga hanyar da aka bi, an tsima ko ba a tsima ba. Kada ku je ku ce Malam, Maltina ce ta Turawa.

Ni dai idan aka gayyace ni cin abinci a Gilasgo, Irn-Bru nake cewa a kawo mini. Lemo ne ruwan goro, na gidansu, suna alfahari da shi kusan kamar wiski. Ɗanɗanonsa kamar an narkar da cingam a ruwan ƙarfe, kuma har yau ban gane dalilin da ya sa nake ƙara na biyu ba.