Jawabi kan Tamowa da Kason Yara a Asusun Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Manchester, ina godiya da kuka ba ni wannan dama.

A daminar da ta wuce, da na je gida, na raka ƙanwata wani ƙaramin asibiti inda ake duba yara masu tamowa. A gabana ma'aikaciya ta zagaya siririn ma'auni mai launi uku a damtsen wata yarinya da ba ta fi wata goma sha huɗu ba, ya tsaya a kan ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, alamar tamowa mai tsanani ke nan. Ko kuka yarinyar ba ta da ƙarfin yi. Uwarta kuwa tun asuba ta taso a ƙafa, domin kuɗin babur ya fi ƙarfinta.

Abin da aka ba ta ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, wanda aka haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Likitan nan na Faransa, André Briend, shi ne ya ƙirƙiro shi tare da kamfanin Nutriset a 1996, da sunan Plumpy'Nut, kuma albarkarsa ita ce ba ya buƙatar ruwa ko wuta, saboda haka uwa za ta iya jinyar ɗanta a ɗakinta, muddin yana iya ci kuma babu wata cuta mai tsanani tare da shi. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu ba su kwana asibiti ba. Katan ɗaya mai ƙunshi 150 kan ishi yaro guda har ya farfaɗo cikin mako shida zuwa takwas. Gyaɗa ce fa, jama'a, wadda kakanninmu suka yi dala da ita a Kano.

To, amma hannun da ke bayarwa ya fara janyewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID, kuma a watanni shida na farkon shekarar MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina sanadin tamowa.

Mun saba aika kayan azumi da naman layya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai tamowa ta fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya addabi yara. Shawarata ita ce mu ware kaso tsayayye daga kuɗin wata-wata, ya isa gida kafin saukar ruwan fari, ta hannun cibiyoyin da ke da ma'aikata da rajista. Kada mu raba maganin da kanmu, domin abu ne da ake bayarwa bisa awo. Wani ɓangare kuma ya tafi ga kuɗin motar iyaye mata, don kada nisa ya katse jinya. Ina roƙon shugaba ya sa a kaɗa ƙuri'a kan wannan kafin mu tashi yau.