Harin ta'addanci da hannun gwamnati: me aka tabbatar, me ake zato?

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hauwa ce daga Gadarif ta ƙasar Sudan, tare da Kawu Haruna da ƙanena Yakubu. Kawu, barka da yamma.

Kawu Haruna: Barka kadai 'yata. Yakubu, ya kasuwa?

Yakubu: Da godiya Kawu. Ni na matsa a yi zancen nan yau, don haka bari in faɗi matsayina tun da wuri. A ganina babu wani babban harin ta'addanci da ake kaiwa ba da sanin wata gwamnati ba. Talaka ba ya da jirgi, ba ya buga fasfo, ba ya buɗe kan iyaka. Da ɗan gari akan ci gari.

Hauwa: Kowane hari kake nufi, ko wasu?

Yakubu: Manyan dai duka. Har na 11 ga Satumba 2001, da jirage suka daki dogayen benaye biyu a New York, ni a ganina nakiyoyi aka dasa a cikinsu.

Kawu Haruna: To mu fara da abin da ya faru a gidanmu, kafin mu tsallaka teku. Ina Bahri, wato Khartum ta Arewa, a daren 20 ga Agusta 1998 da Amurka ta harba makamai masu linzami kan masana'antar magunguna ta Shifa. Da gari ya waye muka je muka gani. Rufi ya zube, ƙarafa sun lanƙwashe, ga kwalabe da fakitin ƙwayoyi warwatse cikin toka, yara na tsinta ana kora su. Wurin da ake yin maganin zazzabin cizon sauro da maganin dabbobi ke nan. Aka ce mana wai makami mai guba ake haɗawa a ciki.

Yakubu: Yauwa! Ka ga Kawu da bakinka.

Kawu Haruna: Dakata in kai aya. Hujjar Amurka ita ce ɗan samfurin ƙasa da wani ya ɗebo mata a kusa da wurin, ta ce ta sami sinadarin da ake haɗa gubar VX da shi. Sudan ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko masu bincike su duba, Amurka ba ta yarda ba. Mai masana'antar, Salah Idris, an riƙe masa kuɗinsa a banki, ya shigar da ƙara, a 1999 aka sakar masa ba tare da an tsaya gaban alƙali an kawo hujja a kansa ba. Har yau kuma ba a ba mu haƙuri ba.

Yakubu: Kuma kar a manta, kwana uku kafin harin ne Bill Clinton ya fito a talabijin ya amsa abin kunyar da ya yi da Monica Lewinsky. Ruwa ba ya tsami banza. Ya so ya kawar da hankalin mutanensa ne, sai ya zaɓe mu.

Hauwa: Mutane da yawa sun faɗi haka a lokacin, har a cikin Amurka. Amma Yakubu, kusantar ranaku ba ta isa hujja ba. Akwai wani abin da ya faru makonni biyu kafin nan: ranar 7 ga Agusta aka tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam. Mutum 224 suka mutu, 12 ne kawai Amurkawa. Sauran 'yan Afirka ne irinmu, masu wucewa a titi, masu aiki a benen da ke maƙwabtaka, wasu gilashi ya makantar da su har abada.

Yakubu: To wa ya ce ba su suka kitsa wannan ɗin ma ba?

Hauwa: Wanda ke cikin motar bam ɗin Nairobi, Muhammad al-Owhali, ya dira ya gudu kafin ta tashi, aka kama shi da raunuka a jikinsa. An yi shari'a a New York a 2001, a bainar jama'a. Babban mai ba da shaida kuma ɗan ƙasar nan ne, Jamal al-Fadl, wanda ya yi wa Usama bin Ladan aiki a Khartum. Ya zayyana kamfanoni da gidaje da sunaye.

Kawu Haruna: Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan, ɗana. Shifa ta tabbatar mana gwamnati mai ƙarfi tana iya kashe mutum bisa zato. Ba ta tabbatar mana cewa babu Alƙa'ida ba. Mu da muke Khartum a shekarun nan ba labari aka ba mu ba. Usama ya zauna a unguwar Riyad ta Khartum daga farkon shekarun 1990 har zuwa Mayun 1996. Kamfaninsa ya yi aikin hanyar da ta nufi Shandi da Atbara, yana da gonaki a wajen Damazin. Gwamnatin Inƙaz, wato ta Umar al-Bashir, ita ce ta buɗe ƙofa, Balarabe ya shigo ba biza.

Yakubu: Ashe ka dawo kan maganata. Gwamnati ce ta buɗe ƙofa.

Kawu Haruna: A nan kam eh, kuma zan ƙara maka. Ranar 26 ga Yuni 1995 aka buɗe wa motar Husni Mubarak wuta a Addis Ababa, yana hanyar zuwa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. 'Yan Jama'a Islamiyya ta Masar ne suka harba, amma Habasha da Masar suka nuna Khartum da yatsa. A 1996 Kwamitin Sulhu ya saka mana takunkumi saboda an ƙi miƙa waɗanda ake nema. Mu a lokacin, rediyon Omdurman yana ce mana ƙazafi ne, maƙarƙashiyar maƙiya Musulunci ce, kuma da yawa suka yarda. Sai bayan Hasan Turabi, jagoran aƙidar Inƙaz, ya rasu a 2016 Aljazira ta watsa hirar da aka naɗa da shi, inda ya ce da bakinsa Ali Usman Taha, ɗaya daga cikin manyan gwamnatin, yana da hannu a ciki.

Hauwa: Ko da yake Kawu, Turabi da su Ali Usman sun ɓata tun rabuwar 1999. Shaidar wanda ke da jikakka ce.

Kawu Haruna: Gaskiyarki, shi ya sa ban ɗauke ta ita kaɗai ba. Na haɗa ta da binciken Habasha, da mutanen da aka kama a can, da yadda aka sauya shugabannin jami'an tsaro a Khartum jim kaɗan bayan abin. Igiya uku ce aka tufka, ba zare ɗaya ba. Kuma ka lura Yakubu, a wannan karon wa ya yi amfani da kalmar maƙarƙashiya? Gwamnatin da ake zargi. Ita ta riƙa ce mana kome shirin Amurka da Yahudu ne, don kada mu tambaye ta abin da take yi da sunanmu.

Yakubu: Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma duk da haka, Yaya Hauwa, ke da kike karatun waɗannan abubuwa, ki faɗa wa mutane gaskiya: an taɓa kama gwamnati ta dasa bam ta ɗora wa wani, ko ba a taɓa ba?

Hauwa: An taɓa. A 1954 leƙen asirin sojan Isra'ila ya sa wasu Yahudawan Masar suka dasa bama-bamai a ɗakunan karatu na Amurka da gidajen silima a Alƙahira da Iskandariyya, don a ɗora wa Misirawa. Bam ya kama da wuta a aljihun ɗaya daga cikinsu, asiri ya tonu, ministan tsaro Pinhas Lavon ya sauka. A 1962 manyan hafsoshin Amurka sun rubuta shawarar a ƙirƙiri hare-hare a laƙa wa Kyuba, gwamnatin Kennedy ta ƙi, takardar kuma ta fito fili a 1997. A 1985 jami'an Faransa suka nutsar da jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a Okland ta Niyu Zilan, mai ɗaukar hoto ya mutu, Faransa ta yi ta musu, daga baya firaminista Laurent Fabius ya amsa.

Yakubu: To me ya rage?

Hauwa: Abin da ya rage shi ne yadda aka san su. An kama mutane, an ga takardu da sa hannu, wani ya amsa laifi, wani ya rasa kujerarsa. Harin Okland jami'ai ƙalilan ne, amma ko wata uku asirin bai yi ba. Kai kuma kana cewa an dasa nakiyoyi a benaye masu hawa 110 da dubban mutane ke shiga kullum, shekara fiye da 20 babu ma'aikaci ɗaya da ya fito da takarda.

Yakubu: Injiniyoyi sun ce man jirgi ba ya narkar da ƙarfe.

Hauwa: Ba sai ya narke ba. Ƙarfen gini yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600, kuma akwai hawa da yawa a samansa suna danna shi. Duk maƙerin da ke kasuwar Gadarif ya san ƙarfe yana lanƙwasa tun bai narke ba.

Yakubu: Yahudawa 4,000 da aka ce ba su je aiki ba ranar fa? Jiya ma an sake turo mini shi a WhatsApp.

Hauwa: Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Tashar al-Manar ta Labanan ce ta yaɗa ta kwanaki kaɗan bayan harin. Sunayen mamatan nan kusan 3,000 a rubuce suke, ana karanta su duk shekara, akwai Yahudawa da yawa a ciki, akwai Musulmi ma. Usama kuma da kansa ya fito a bidiyo a Oktoban 2004 ya ce shi ya ba da umarni. Inda ke da tambaya ta gaske ba a nan take ba. An gargaɗi George Bush a rubuce ranar 6 ga Agusta 2001 cewa Usama na nufin kai hari cikin Amurka. Hukumar CIA ta san biyu daga cikin maharan sun shiga ƙasar, ba ta sanar da FBI a kan lokaci ba. Akwai shafuka 28 na rahoton majalisa da aka ɓoye har 2016. Sannan aka ɗauki jinin mutanen nan aka tafi Iraƙi a 2003 da zancen makaman da ba a taɓa gani ba. Sakaci ne, da rufa-rufa, da cin moriyar masifa. Waɗannan laifuffuka ne manya, kuma suna da hujja.

Kawu Haruna: Ni abin da ke ci mini rai da wannan magana ta "duk gwamnati ce" shi ne tana wanke mai kisa. A 1994 wasu suka shiga masallacin Ansarus Sunna a unguwar Saura ta Omdurman suka buɗe wa masallata wuta. A Disamban 2000, cikin azumi, mutum ɗaya ya shiga masallacin Jarrafa ya kashe fiye da 20 suna cikin salla. Masu kafirta Musulmi ne, sun yi karatu a cikinmu, sun ci abinci a kwanonmu. Idan muka ce Amurka ce ta aiko su, wane malami ne zai zauna ya binciki abin da ake koya wa yaranmu? 'Yan uwanmu na Maiduguri sun sha wannan. Shekaru ana gardamar wa ya ƙirƙiri Boko Haram, alhali wa'azin Muhammad Yusuf yana cikin kaset ana sayarwa a kasuwa.

Yakubu: Amma Kawu, laifin wa ne da ba mu yarda da hukuma ba? Ranar 3 ga Yuni 2019 aka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum, likitoci suka ƙirga gawa fiye da 100, wasu daga cikin Nilu aka tsamo su. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib. Ina rahoton? Sannan a 2020 aka biya Amurka dala miliyan 335 diyyar hare-haren da ba mu aka yi shawara da mu ba, kafin a cire mu daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci, wanda aka saka mu tun 1993. Talaka ya biya bashin kezan, wato 'yan Inƙaz, kuma ba wanda ya buɗe masa fayil ɗaya ya ce ga abin da aka yi.

Kawu Haruna: A wannan ba ni da ja, kuma raina yana ɓaci kamar naka. Sai dai ka tuna rikicin 2022 a jihar Nilu Shuɗi. Me aka riƙa rubutawa a kanmu a Facebook? Wai Hausawa baƙi ne, wai akwai wata ɓoyayyar yarjejeniya da za a ba mu ƙasar mutane. Babu takarda, babu shaida, sai "an ce". Kakanninmu suna garin Mai Wurno na nan Sudan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, amma "an ce" ta isa a ƙona gidaje a Rusairis da Wad al-Mahi. Na ga matan da suka iso nan da yara a baya, ba ko takalmi. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya tura saƙon da ke tuhumar wata al'umma gaba ɗaya ba tare da ya tambayi wa ya gani, ina takardar ba.

Yakubu: Na Yahudawa 4,000 ba zan tura ba. Amma maganar Shifa da ta 3 ga Yuni ba zan daina ba, Kawu.

Kawu Haruna: Kada ka daina. Ni ma in an sami zaman lafiya, abin da zan fara nema shi ne a buɗe ɗakunan ajiyar jami'an tsaron Inƙaz, a ga wa ya sa hannu a fasfon mutanen Addis Ababa, wa ya fitar da kuɗin, daga wace ma'aikata.

Hauwa: In takardun sun tsira daga yaƙin nan ke nan. Masu sauraro, duk wanda yake Bahri a 1998, ko yake da ɗan uwa da ya yi aiki a Shifa, ya aiko mana da saƙon murya, za mu saka a shiri na gaba. Kawu, Yakubu, na gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.